Kujera Biyu, Mutum Ɗaya: Yadda Naƙasasshe da Ɗan Rakiyarsa Za Su Nemi Rangwame a Madawa, Buza da Keita

Makahon da zai tashi daga Urno ko Bangi zuwa babban asibitin Tawa kuɗin kujera biyu yake biya, tasa da ta ɗan jagoransa, kuma abincin baki biyu zai saya har su dawo. Gurgu mai keke biyansa ya fi haka, domin bayan kujerarsa da ta wanda zai ɗaga shi, yaran mota za su ɗaure keken a sama su ce kaya ne. Kurma yana iya shiga mota shi kaɗai, amma a gaban likita sai da wanda ya san maganar hannunsa, in ba haka ba a ba shi maganin ciwon da ba shi ne ya kawo shi ba. Shi ma ɗan rakiyar akwai abin da ya bari a baya: yaro ya bar lakwal, ɗan'uwa ya bar ban ruwan albasa a fadamar Tarka ko Magiya, uwa ta bar saƙar tabarmar da take ci da ita. Wannan lissafi shi ne tushen duk maganar rangwame. Abin da mai lafiya ke samu da jika ɗaya, naƙasasshe sai ya kashe jika biyu ko uku, saboda haka idan an rage masa farashi, an dawo da shi ne daidai da sauran mutane, ba a fifita shi a kansu ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami naƙasassu 715,497 a Nijar, wato kashi 4.2 cikin ɗari, alhali rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari a duniya baki ɗaya. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu tana nuna cewa akwai masu yawa da ke cikin ɗaka, ba a ƙidaya su ba, balle su ji labarin abin da doka ta ba su.

Dokar kuwa tana nan, kuma ta daɗe. A ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu a kan doka mai lamba 93-012 wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kare naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. Ita ce ta tanadi kati na musamman da ke ba mai shi damar shiga tarukan jama'a na biyan kuɗi, musamman na ilimi da al'ada, kyauta ko a kan rabin farashi, ita ce kuma ta wajabta wa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfanin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama ya keɓe kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga naƙasassu. A 1996 aka fitar da ƙudiri mai lamba 96-456 wanda ya ɗauke wa naƙasassu kuɗin kwanciya a asibitocin ƙasa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a ranar 24 ga Yuni 2008, kuma sashe na 28 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnati taimaka wa naƙasassu matalauta da iyalansu a kan kuɗin da naƙasa ke jawowa. Sai kuma doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019 da ta sabunta tsarin gaba ɗaya, kuma katin da ake magana a kansa yanzu shi ne wanda ake kira kart degalite de shans, wato katin daidaita dama. Yana da kyau mutum ya rubuta waɗannan lambobi a takarda ya sa a aljihu. Ma'aikacin da ya ji ana roƙonsa don Allah yana iya cewa sai haƙuri, amma wanda aka ambata wa lambar doka yakan tsaya ya duba, ko aƙalla ya tura mutum wurin shugabansa.

Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan takarda, kuma takardar farko ita ce ta haihuwa. A nan ne yawancin mutanen karkara ke makalewa tun kafin su fara. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 don a bayyana haihuwa, kuma bayyanawar kyauta ce, ana yin ta a likitar da aka haihu ko a wurin wanda aka ɗora wa rajista a ƙauye, takardar kuma ta fito daga ma'aikatar magajin gari. Iyayen da aka haifa wa jariri mai karkatacciyar ƙafa ko tsagaggen leɓe, ko zabiya, su ne suka fi kowa buƙatar gaggauta wannan, amma su ne sau da yawa kunya ko baƙin ciki ke sa su ɓoye yaron har wa'adi ya wuce. Idan ya wuce, hanya ba ta toshe ba, ta dai ƙara tsawo: sai a je kotun da ke babban garin gunduma, Madawa ko Buza ko Keita, da shaidu waɗanda suka san haihuwar, alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman ba da irin waɗannan takardu ga jama'a da yawa a rana ɗaya, kuma hakimi da maigari su ne farkon masu jin ranar, don haka a bar musu sallahu tun da wuri. Da takardar haihuwa ne baligi zai yi katin ɗan ƙasa. A ɗauki hotuna ƙanana fiye da yadda ake zato za a buƙata, a yi kwafin kowace takarda sau uku ko huɗu, a ajiye ta asali cikin leda a gida, domin gara da ɗigon damina sun cinye haƙƙin mutane da yawa a cikin akwati.

Takarda ta biyu ita ce shaidar likita, kuma ita ce ta fi kowace muhimmanci. Majon likitar ƙauye yana iya duba mutum ya tura shi gaba, amma shaidar da ofis zai karɓa ba tare da gardama ba ita ce wadda likitan asibitin gunduma ko na Tawa ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi. Abu uku ya kamata a roƙi likita ya bayyana ƙarara: irin naƙasar, cewa mai ɗorewa ce, da kuma cewa mai ita ba ya iya tafiya ko jinya sai da ɗan rakiya, in haka abin yake. Wannan na ukun shi ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ne kaɗai hujjar da za a riƙe idan aka zo maganar kujera ta biyu. Naƙasar da ido ke gani ba ta da wahalar shaida. Wadda ba a gani, kamar raunin ji, farfaɗiya mai tsanani, taɓin hankali ko jinkirin fahimta a wurin yaro, ita ce ke buƙatar naci, wani lokaci har sai an je wurin ƙwararre a Tawa ko Maraɗi. Da waɗannan takardu sai a nufi ofishin kula da jin daɗin jama'a na gunduma. Sunan ma'aikatar da ofishin ke ƙarƙashinta yana canzawa kusan duk lokacin da aka naɗa sabuwar gwamnati, don haka a ma'aikatar perefe a tambayi sarbis sosiyal kawai, za a nuna ƙofar. Gara kuma a je tare da wakilin tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, wadda ƙungiyar makafi da ta kurame da ta guragu duk suna cikinta, domin su ne suka san wanda ke karɓar takardu da lokacin da ake aika su. A karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata. Kati yakan jima bai fito ba, kuma kafin ya fito, shaidar likita da katin ƙungiya su ne abin nunawa. Ranar da ya fito, a nemi ma'aikacin ya rubuta ko ya karanta abin da katin ke ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, don kada a je wani wuri ana jayayya a kan abin da ba ya ciki.

A asibiti, tsarin shiga shi ne rabin nasara. Ƙudirin 1996 a kan asibitocin ƙasa aka rubuta shi, irin na Yamai da Damagaram, kuma daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Mutumin Tabotaki ko Garhanga likitar ƙauyensu yake fara zuwa, daga nan asibitin gunduma, daga nan Tawa, kuma a kowane mataki ya karɓi takardar turawa, domin wanda ya tsallake mataki ya je da kansa yakan rasa sauƙin da wanda aka turo ke samu. Idan an isa, a nemi ma'aikacin sosiyal na asibitin kafin a je wurin biyan kuɗi. Kuɗin da ya riga ya shiga akwati da rasit, fito da shi ya fi hana shi shiga wuya nesa ba kusa ba. A kuma san abin da yake kyauta ga kowa, don kada a ɓata hujjar naƙasa a kansa: jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, awon ciki da tiyatar haihuwa kyauta ne tun tsakiyar shekarun 2000, maganin kuturta da na tarin fuka kyauta ne, kuma daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta, ta mayar da haihuwa kyauta. Wanda talauci ya haɗu masa da naƙasa yana iya neman takardar shaidar rashin hali daga ƙaramar hukumarsa, wadda hujja ce dabam da ke iya rufe abin da ta farko ba ta rufe ba. Asibitoci masu zaman kansu kuwa da tsarinsu suke aiki. Asibitin mishan na Galmi, wanda ke aiki tun 1950 kuma mutanen Madawa da Buza suka saba da shi, ba na gwamnati ba ne, don haka a can tambaya ake yi ko akwai taimakon marasa hali, ba a kafa hujja da ƙudiri. Cibiyar Danja kusa da Maraɗi ta shahara a kan kuturta da yoyon fitsari, asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 kuma yana yi wa yara tiyatar karkatacciyar ƙafa da tsagaggen leɓe da makamantansu, kuma gyaran ƙafar jariri ya fi sauƙi tun yana ɗanye.

Maganar ɗan rakiya ita ce wadda nake ganin ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a nan ne rangwame ke zama na gaske ko na baki. Idan aka yafe wa makaho kuɗin gado amma ɗan jagoransa ya biya cikakken kuɗin mota zuwa da dawowa, ya kwana a ƙarƙashin bishiyar asibiti yana sayen abinci na mako biyu, gidan ya riga ya sayar da akuya. Ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun gane haka. A Ingila katin jirgin ƙasa na naƙasassu yana rage kashi ɗaya cikin uku ga mai katin da babban mutum ɗaya da ke tare da shi. A Indiya jiragen ƙasa na rage wa makafi da guragu har kashi 75 cikin ɗari a wasu ajujuwan, kuma ɗan rakiya yana samun daidai da haka. A Faransa ana rubuta buƙatar rakiya a jikin katin kansa. A Madawa da Buza da Keita ba jirgin ƙasa, motocin da ke zuwa kasuwar Tamaske ko Karofane ko Sabon Gida na mutane ne masu neman abinci, kuma babu wanda zai tsaya a tasha ya tilasta wa direba rabin kuɗi. Abin da zai yi aiki shi ne yarjejeniya. Ƙungiyar naƙasassu ta gunduma ta zauna da shugabannin sandikar direbobi a gaban perefe ko shugaban ƙaramar hukuma, a rubuta abu kaɗan mai yiwuwa: keken gurgu da sandar makaho ba kaya ba ne, kujerar gaba ko ta bakin ƙofa ta naƙasasshe ce, kuma wanda ya nuna kati tare da takardar turawa asibiti, shi da ɗan rakiyarsa su biya kuɗin mutum ɗaya ko ɗaya da rabi. A ƙayyade kujera ɗaya ko biyu a kowace mota, don kada nauyin ya taru a kan direba guda. A liƙa takardar a ofishin tasha. Manyan kamfanonin bas da ke bin babbar hanya ta Madawa kuwa, a tambayi shugaban tashar tun kwana ɗaya kafin tafiya, domin mai yankan tikiti ba shi da ikon rage ko dala.

Shiga taruka ya fi sauƙi, kuma bai kamata a raina shi ba. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma duk ɗan Adar ya san yadda gari ke cika idan ana kokowa ko wasan ƙwallo ko wasan makaɗa a gidan matasa. Naƙasasshe yana da sha'awa kamar kowa, kuma makaho yana jin kiɗa da kirarin ƴan kokowa kamar mai ido. A ranar taro masu tsaron ƙofa ba sa sauraron bayani, don haka wakilin ƙungiya ya ga masu shirya taron tun kwanaki kafin ranar, ya kai sunaye, a ware ƙofa da wurin zama a ƙasa inda keke ke iya shiga, a kuma ƙidaya ɗan rakiya cikin jerin. Shiga kyauta zuwa matakalar da ba a iya hawa ba ta amfanar kowa.

Akwai masu ja da wannan duka, kuma hujjarsu ta farko mai nauyi ce. Majon likita zai ce tun da aka kawo tsarin biyan kuɗin jinya a shekarun 1990, da kuɗin marasa lafiya ake sake sayen magani, kuma da aka mayar da jinyar ƙananan yara kyauta, gwamnati ta yi ta jinkirin biyan likitoci har kantocin magani suka bushe. Wannan gaskiya ne, masu binciken cibiyar LASDEL a Yamai sun yi rubutu mai yawa a kansa, kuma duk wanda ke kare naƙasassu ya kamata ya amsa shi da gaske. Amsar ita ce kyautar da ba a san mai biyanta ba tana kashe kanta, don haka dole a nemo mai biya, kuma ba a samun mai biya sai da lissafi. Kowace likita ta buɗe rajista ta rubuta naƙasasshen da aka yafe wa da adadin kuɗin, kwamitin kula da likitar ya kai jimillar ga ƙaramar hukuma kafin a tsara kasafin shekara. Gundumar Keita ƙananan hukumomi huɗu gare ta, Madawa shida, Buza bakwai, kuma kowace tana karɓar harajin kasuwa da na tasha. Ware wani abu daga ciki don naƙasassun da aka san sunayensu da ƙauyukansu abu ne da ake iya yi, musamman da yake adadinsu bai kai ko kusa da na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba. Haka ma direba: idan ƙaramar hukuma ta sassauta masa wani abu daga kuɗin tasha a madadin kujerar da ya rage, ba a ɗora masa sadakar dole ba.

Hujja ta biyu ita ce masu lafiya za su yi ƙarya su karɓi kati. Za a samu, kamar yadda ake samu a rabon hatsi da na taki, amma maganinsa yana cikin tsarin da aka bayyana: hoto a jikin kati, hatimin likita, da shaidar ƙungiya. A ƙauye kuwa kowa ya san kowa, kuma Hausawa sun daɗe da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare waɗanda suka san mutanensu gida-gida. Sa su cikin tantancewa ya fi kowace na'ura. Hujja ta uku ta fi shiga rai, domin masu yin ta mutanen kirki ne: suna cewa muna da zumunci da zakka da sadaka, direbobi da yawa suna ɗaukar makaho kyauta don Allah, me ya kawo takarda? Alherin nan yana nan, kuma kada ya gushe. Amma sadaka tana bin halin mai bayarwa da yanayin kasuwar ranar, kuma tana isa ne ga wanda ya fito ya miƙa hannu. Matar aure da ke cikin gida da shanyewar ɓarin jiki, da gurgun tela mai sana'arsa wanda ba zai taɓa roƙo ba, da ɗalibi kurma, duk ba ta kai gare su. Zakka kuma saboda talauci ake ba da ita, alhali ƙarin kuɗin naƙasa yana kan mai hali da marar hali. Kati yana ba mutum damar karɓar abinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma yana sa yaron da ke jagora ya yi rakiyar asibiti ya koma aji, maimakon ya zama abokin bara na dindindin.

Idan an nuna takarda aka ƙi, kada a yi faɗa da mai karɓar kuɗi, domin sau da yawa umarni ne bai zo masa ba. A nemi ganin shugaban wurin cikin ladabi. In dole ta sa an biya saboda ciwo ba ya jira, a karɓi rasit, a rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, a kai wa wakilin ƙungiya. Ƙorafin mutum ɗaya yakan tsaya a bakin ƙofa, amma rasit talatin daga Allakai da Ibohaman da Azarori, an jera su cikin fayil guda, abu ne da likitan gunduma da perefe za su zauna su duba. Nijar ta keɓe 31 ga Yuli a matsayin ranar naƙasassu ta ƙasa, duniya kuma tana da 3 ga Disamba, kuma a waɗannan ranaku hukumomi kan halarci taro da kansu. Ƙungiya ta shirya fayil ɗin tun mako biyu kafin ranar, ta yi kwafi uku, ɗaya na perefe, ɗaya na shugaban asibitin gunduma, ɗaya ya zauna a hannunta da hatimin karɓa a jikinsa.